Ranar da Na Yi Ta'aziyyar Mai Rai

Ƙarfe goma da kwata na safiyar wata Talata abin ya fara karkacewa, kuma ko zan manta duk karatun da na yi a Khartoum, wannan rana tana nan daram a raina. Daidai lokacin na sauka daga mota a Omdurman, na buɗe ɗan littafin da na rubuta kwatance: layi na uku, shuɗiyar ƙofa, itacen dogon yaro a gaba. Da na ɗaga kai, sai ga shuɗɗan ƙofofi biyu, itacen a tsakaninsu.

Mahaifin ƙawata ne ya rasu, 'yar ajinmu wadda kakanninta suka taso aikin Hajji daga Katsina suka yi zamansu a nan. Ita kaɗai gare ni a jami'a, don ni ba mai magana ba ce. Kwana biyu na yi ina haddace kalaman ta'aziyya da Larabcin littafi, har da wasulla, don kada in ba ta kunya.

Nauyin baki ya hana ni tambaya, sai na bi ƙofar da mata suka fi shiga. Tsakar gida cike, ana yanka albasa, ana zuba shayi. Wata dattijuwa na zaune a gadon igiya, idonta ja wur. Na ce a raina, ga mai takaba. Na durƙusa, na ɗaga hannu na karanta Fatiha, sannan na saki hadda: Allah ya ji ƙan mijinki, mutumin kirki mai haƙuri, ya yalwata kabarinsa. Ko harafi ban tsallake ba. Wuƙaƙe duk suka tsaya.

Wani tsoho ya sauke buhun sukari daga kafaɗa ya ce, "Amin, 'yata. Amma a ɗan jinkirta mini, ban sha shayi ba."

Dattijuwar ta share ido, ashe aikin albasa ne. Ta ce, "Mai haƙuri kika ce? To lallai ba nawa ba ne."

Da ta miƙo hannu ta tashe ni, na ga zanen gicciye a wuyan hannunta. Kiristoci ne, maƙwabtan mamacin. Gidansa ya yi wa jama'a kaɗan, shi ne suka buɗe nasu. Kwana uku ke nan tukunyarsu ba ta sauka ba, ɗakin kwanansu ma sun shimfiɗa tabarmi mata na salla a ciki.

Na so ƙasa ta tsage in shige. Na fara laluben takalmina, ta riƙe ni ta ce ba a fita gidanta da yunwa. Sai da na cinye kwanon wake tas, mata na tambaya ko ina da sauran addu'a a ajiye wa mazajensu. Sannan ta ɗora mini tiren abinci a ka, ta ce mu je gidan gaskiya.

A ƙarƙashin itacen nan na samu bakina ya buɗe. Na ce, "Inna, ki gafarce ni, na kashe miki miji, na ɓarar da addu'ar mutane. Amma me ya sa kuke wannan wahala, alhali ba addininku ɗaya da mamacin ba?"

Yau ina jin kunyar tambayar fiye da ta'aziyyar. Ita kuwa gyara mini tiren kawai ta yi, ta ce, "'Yata, mu an koya mana hannu ɗaya ya ƙera mu duka, kuma abin da ka yi wa maƙwabci mai kuka, Ubangiji ka yi wa. Addu'arki ma ba ta ɓata ba. Ke kika kuskure ƙofa, Shi ya san gidan."