Hannun Hagu na Goggo Eufrasia

Goggona Eufrasia ta shekara arba'in tana sayar da tortiya, wato wainar masara mai faɗi, a kasuwar Tlacolula ta ƙasar Meziko. Tsakanin tafukanta take faɗaɗa ƙullun masara, kafin kasko ya yi zafi ta yi ashirin, na sha ƙirgawa. Takan ce wadda ba ta kumbura ba rabon kare ce.

Bara ɓarin jikinta na hagu ya shanye, na karɓi rumfar, na sayo injin matse ƙullu. Jiya ta ce mini, "Chayo, miƙo curi ɗaya, in kunyata ƙarfen nan naki."

Ta ɗora shi a tafin dama, ta jira hagun ya zo. Bai zo ba. Ta daɗe tana kallonsa.

"A da ina iyawa," in ji ta. "Ungo, ba wa kare."