Ranar da na ɓoye sandata

Mu biyu ne masu shan inna a shagon da na koyi ɗinki a unguwar Ali Kazaure. Ni ƙafar hagu ce ta shanye, ina dogara sanda. Ƙawata kuwa duka biyun ne, a keken guragu take zuwa, ta sauka ta ja jiki zuwa tabarma. Mai shagon 'yar Ibo ce, Madam muke ce mata, kuma ba ta barin 'yan koyo su hau keken ɗinkinta sai in ta fita kasuwa. Da ƙafata ɗaya mai lafiya na ƙware a irin wannan hawan. Ƙawata ba ta taɓa hawa ba, aikinta sa maɓalli da ɗinkin hannu. Na fi ta iyawa nesa ba kusa ba, kuma ba ni da burin da ya wuce in mallaki keke nawa na kaina.

Sai aka ce wata ƙungiya za ta raba wa matasa masu naƙasa kayan sana'a a wani zaure da ke Titin Bauchi. Madam ta kai sunayenmu. Ta ce mini da irin Hausarta, "Kai, ka je da wuri fa. Idan ya ƙare, ya ƙare."

A gidanmu an tarbiyyantar da ni kada in bari a ga kasawata, don mahaifiyata ta tsani a tausaya mini. Ranar na ci ado, na zumbula hijabi har ƙasa. Da muka isa na jingine sandata bayan ƙofa, na shiga ina dafa bango ina cije leɓe, wai kada a ce bara na zo. Ƙawata ko a jikinta, ta shigo da rarrafe, silifas a hannuwa, mai ɗaukar hoto na biye da ita.

Mai riƙe da takardar sunaye ya dube ni sama da ƙasa.

"Hajiya, rakiya kika yi? 'Yan rakiya can baya."

"Sunana na ciki, ranka ya daɗe."

"To ai ke naki da sauƙi. Bari mu fara da waɗanda abin ya fi yi wa yawa."

Kafin a zo kaina kekunan ɗinki sun ƙare, aka miƙo mini bokitin kayan haɗa sabulun ruwa. Ita kuwa aka zaunar da ita gefen sabon keke baƙi wuluk mai ƙyalli, aka yi ta kashe mata hoto. Keken ƙafa ne, kuma babu wanda ya tambaye ta da me za ta taka shi. Na yi mata barka da fatar baki, amma wallahi kishi kamar ya kashe ni.

Bayan kwana biyu ta zo har gida. "Ƙawas, ki zo mu haɗa hannu. Ke ki taka, ni in yi yanka da aikin hannu."

Na ce zan yi shawara. Gaskiya ba shawarar da na yi. Ni zan zauna ina yi mata aiki a kan keken da nake ganin nawa ne? A tunanina keken zai yi ta shan ƙura har ta gaji, 'yan gidansu su ce a sayar, ni kuma in ɗauka. Har na zaɓi lungun da zan ajiye shi a ɗakinmu.

Ba ta sake yi mini maganar ba. Ta sa aka kai keken wurin mai gyara, ya sauke kan daga tebur zuwa ɗan benci, ya sa masa mariƙin juyawa da hannu. Hannun da tun yarinta yake ɗaukar gangar jiki, juya keke ba ya gajiyar da shi. Yanzu shago gare ta, har da masu koyo. Ni ina nan wurin Madam.

Bara da aka yi bikin ƙanwata, ƙawayen amarya wurinta suka kai ankonsu. Da aka kawo kayan, na ɗauki riga ɗaya na shige ɗaki, na juya cikinta waje. Na bi wuya da yatsa, na bi hannu, na bi ƙasan rigar, ina neman inda ɗinkin ya karkace. Mahaifiyata ta leƙo ta ce, "Me kike nema?"

Na ce ba komai. Da ta fita na ɗauko riga ta biyu.