Takardar da na hana Malam Idi gani

Ba zan faɗi sunana ba, don 'ya'yana suna makaranta, kuma ba su suka yi laifin ba. Ni ɗan manomi ne daga wani ƙauye a arewacin Kano, inda gona ke manne da gona, sai layin gamba ke nuna iyaka. Ban taso ɓarawo ba. Baiwar da Allah ya yi min ita ce kyan rubutu. A makarantar allon Malam Idi, limamin unguwarmu, ni nake rubuta wa ƙanana allo in aiki ya yi masa yawa, kuma ko iyayen yara ba sa bambance hannuna da nasa.

Da na gama sakandare sai na samu aikin wucin gadi a ɗakin ajiye takardu na wata ƙaramar hukuma. Shekarun nan ne da taki ya gagari talaka, albashi kuma sai ranar da ya ga dama yake zuwa. Ɓarnata da ƙananan abubuwa ta fara. Yau in rage wa mai neman aiki shekarun haihuwa, gobe in kwaikwayi sa hannun jami'in da ya yi tafiya. Ana ba ni na goro, ina ce wa kaina ai taimako nake yi. Kwaɗayi mabuɗin wahala, na san karin maganar, amma na ɗauka da wasu ake.

Sai zaɓen kansila ya zo. Mutanen ƙauyenmu suka tsayar da nasu, suka roƙi Malam Idi ya zama wakilinsu a akwatin zaɓe, don shi kaɗai ne kowa ya yarda da shi. Bai so ba, sai da dattawa suka yi masa zuwa uku. Aka ƙirga ƙuri'a a idon jama'a a filin firamare, na ƙauyenmu ya yi rinjaye, Malam ya sa hannu a takardar sakamako da ajami kamar yadda ya saba. Aka ce kwafin da ake ba wakilai ya ƙare, mai son gani ya je ofishinmu. Wadda aka liƙa a bango kuwa, kafin la'asar an yage ta.

Washegari da safe wani na hannun daman abokin hamayyar ɗan takararmu ya same ni da takardar gaskiya da wata sabuwa da ba a cike ba. Ya ce, "An ce kai kaɗai ka iya hannun tsohon nan." Na juya lambobin, na rubuta sunan malamina a ƙasa. Ko jinkiri ban yi ba, kuma har yau wannan ne yake ba ni tsoro. Ya ce in ƙone ta ainihin. Ban ƙone ba, kuma ba don tsoron Allah ba, don dai in sun juya min baya in samu abin riƙe su. Na kai ta ɗakin mahaifiyata na cusa a ƙasan akwati.

Da aka faɗi sakamako ƙauye ya ɗau zafi. Sai masu nasara suka raba kwafin takardata a kasuwa. Mutanenmu sun san rubutun Malam kamar yadda suka san fuskarsa, don shi ke rubuta musu takardar aure da ta rabon gado. Babu wanda ya tsaya tambaya. Aka ce ya sayar da su. Aka janye yara daga makarantarsa, aka gabatar da wani liman, shi ya koma sahun baya. Da damina ta faɗi ya kira gayya, ko mutum ɗaya bai fito da fartanya ba.

Wata Litinin na ɗaga kai na gan shi yana jingine kekensa a bakin ofis. Da ya gan ni fuskarsa ta washe. Ya ce, "Alhamdu lillahi, ɗana na tarar. Ba kujera nake nema wa kowa ba. An ce talaka yana da ikon ganin takardar zaɓe. Wadda na sa wa hannu nake so in gani, in kai wa mutane." Na ce, "Allah gafarta Malam, sai an rubuto takardar neman izini." Ya rubuto. Na ce shugaba ba ya nan. Ya dawo, na ce mai makulli ya tafi jana'iza. Haka muka yi ta yi daga shuka har kaka. Duk zuwa sai ya ƙullo min gyaɗa a leda, ya ce kada in gaji da shi.

Zuwansa na ƙarshe ya zauna a benci, ya daɗe yana kallon kwafin. Ya ce, "Na duba na sake dubawa, hannuna ne. Ko tsufa ne ya sa na sa hannu ban karanta ba?" Na ce, "Mai yiwuwa ne, Malam." Ya gyaɗa kai, ya yi min godiya, ya tura kekensa bai hau ba.

Rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya. Ba a kan zaɓe aka kama ni ba. Takardar gonar wasu marayu na yi ta jabu wajen Bacirawa, kawunsu ya tsaya tsayin daka har kotu. Waɗanda na yi wa aiki ko sallama ba su aiko ba. Shekara huɗu na yi a gidan yari. Yunwa da ƙwarƙwata da cunkoso duk na saba da su. Abin da na kasa sabawa da shi shi ne tuna tsohon nan yana tura keke.

Ranar da aka sake ni ɗakin mahaifiyata na nufa, na zaro takardar. A nan ta gaya min Malam ya rasu tun bara. Na jira Juma'a, bayan an idar da salla na miƙe na faɗi komai, na miƙa takardar ta zaga hannu hannu. Babu wanda ya zage ni. Dattawa suka sunkuyar da kai, wasu suna share ido da bakin riga, don kowa ya san nasa rabon a ciki.

Daga nan na je zauren gidan Malam na durƙusa. Matarsa, Inna Hajara, ta saurare ni daga bayan ƙyaure har na gama. Ta ce, "Ni na yafe nawa. Amma ka sani, kafin ya kwanta ciwo gida gida ya bi yana neman gafarar mutane, don daga ƙarshe shi ma ya yarda shi ya yi."

Yanzu noma nake, na tuba, ina roƙon Allah ya karɓa. Ku matasa da ake ɗauka aikin zaɓe ko a zaunar da ku a kan takardun jama'a, ku ji daga bakin wanda ya gani. Kada ku raina na goron farko. Kada ku sa hannu a madadin kowa, ko da wasa. In mutum ya zo neman ganin takardar da yake da haƙƙi a kanta, ku buɗe masa a ranar, don ba ku san abin da ya rataya a wuyansa ba. Kotu ta yanke min shekara huɗu, na yi su na fito. Malam Idi kuwa ya tafi kabari yana istigifari a kan zunubina.