Kazar da Aka Ɗauke Daga Kan Ƙwai

Ko da zan manta ranar da aka huda mini kunne, ba zan manta ranar da yayana ya sa aka yanka mini kaza tana kan kwanci ba. Shekaru sun shuɗe, na yi aure, shi ma ya tara iyali, amma har yanzu ban huce ba.

Ina budurwa a lokacin, muna zaune a ƙauyenmu na ƙasar Dakoro. Kaza ɗaya gare ni, wake-wake, kakata ce ta ba ni. Da damina ta faɗi zabi suka fara ƙwai, na yi ta yi wa wata maƙwabciyarmu surfe da daka, hannuna har ya yi kanta, ita kuma tana biyana da ƙwan zabinta. Kowa ya san zabuwa ba ta iya reno, shi ya sa ake sa wa kaza ƙwanta. Na jera su a akurki, kazata ta hau ta kwanta. Niyyata in zabin sun girma in musanya su da jar akuya, wadda zan nuna in ce tawa ce, ba ta gida ba.

Ƙwan zabo ya fi na kaza daɗewa. Baiwar Allah kazar nan ta rame har ƙashin ƙirjinta ya fito, amma ba ta tashi ba. Saura ƙiris a ƙyanƙyashe, don in na kara ƙwai a kunne ina jin motsi.

Ran nan na tafi rijiya da hantsi. Rijiyarmu zurfi gare ta, ga layin masu shayar da dabbobi, ban dawo ba sai da rana ta take. Ashe a bayana aminin Baba ya sauka, wani Buzu da ke riƙe mana shanu, zai wuce arewa wajen Azagor da garkensa. Baƙo irin wannan dole a yanka masa kaza, ban ce kada a yanka ba. Akwai jan zakara a gidan, ƙato, ba ya aikin komai sai cara da cin hatsi. Shi Baba ya ce a kamo.

Ina sauke tulu na ga gashi a bakin murhu. Ba ja ba ne. Wake-wake ne.

Na ruga akurki. Ƙwai na nan a jere, babu kowa a kansu. Na taɓa, sun fara hucewa.

"Inna, ina kazata?"

Inna ba ta ɗago ba, tana ta motsa miya. "A yanke aka miƙo mini ita. Mi zan ce? In mayar mata da kai?"

Daga baya na ji yadda aka yi. Yaya ya bi zakara, zakara ya haye rumbu, shi kuma ya ga ba zai yi zufa a banza ba. Sai ya zura hannu a akurki, don mai kwanci ba ta gudu. Baba yana can cikin hira, ya karɓa ya sa wuƙa bai ko duba ba. Wato amanarta ce ta kashe ta. Da ta bar ƙwaina ta tafi yawo irin na zakaran, da tana nan da ranta.

Ban san lokacin da na isa zaure ba, inda mace ba ta leƙawa in akwai baƙo. Suna zaune da akushi a gabansu.

"Yaya, kai ka kama ta?"

"Ke, ba ki ga mutane ba?"

"Na gan su. Kai ka kama ta?"

"To kaza ba kaza ba ce? Don ƙwai kike wannan haukan?"

"Ƙato da kai, zakara ya gagare ka, sai wadda ke kwance ka iya! Da Inna ce ke kwance ba lafiya, ita ma sai ka miƙa ta?"

Baba ya daka mini tsawa. Baƙon ya dubi ƙashin da ke hannunsa, ya ajiye a hankali, ya ce, "Dama tun ɗazu nake neman naman kazar nan ban same shi ba."

Har yau wannan ne ya fi ƙona mini rai. Ba a ko ƙoshi da ita ba. An kashe ta a banza, an kuma ba baƙo ƙashi da fata.

Na bar su nan. Na kwashe ƙwan a ƙwarya, na lulluɓe da kallabina, na manna a cikina, na bi gida-gida ina tambayar mai kazar da ke kwanci. A ƙarshen gari na samu wata tsohuwa da tata ta fara. Ta ɗumama ruwa ta riƙa saka ƙwan ɗaya-ɗaya. Wanda ya yi rawa a ruwa da sauran ransa, wanda ya tsaya cik ta ware gefe. Tana warewa ina kuka.

"Share hawayenki, ɗiyata. Amma ki sani, abin da ya fito rabi nawa ne."

Na ce na yarda. Ina da zaɓi ne?

Waɗanda aka ƙyanƙyashe ba su kai rabi ba, aka kuma raba da ni. Na yi ta haƙo musu gara a daji, ina korar shaho, har suka tashi. Amma ba su kai kuɗin akuya ba. A shekarar akuya sai dai na gani a gidan wasu. Yaya kuwa bai taɓa ce mini yi haƙuri ba, ni aka ma tilasta na je na durƙusa gaban Baba don na kunyata gida.

Da Sallah ta zo, zabina sun yi ɓul-ɓul, sai ga shi yana shafa ciki. "Ƙanwata, ba za a yanka mana ɗaya ba?"

Na dube shi, na dubi zabin suna can ƙololuwar gawo. Na ce, "Bismilla, Yaya. Je ka kamo."

Abin da ranar ta koya mini shi ne, a gida in za a fita kunyar baƙo, da kayan wanda ba ya nan ake fita, kuma mai haƙuri hannu ke fara kaiwa. Shi ya sa a gidana yau kullum akwai zakara ɗaure da igiya a ƙafa, kowa ya san na baƙo ne. Akurkin mai kwanci kuwa, duk wanda ya zura hannu, ko mijina ne, sai unguwa ta ji mu.