Motar Mijin Gwaggo Mavis

Da asuba Merv Dunstan yana tsugune a bayan garejinsa, yana bin igiyoyin ɗaure mota da yatsa. Wadda ta fara zarewa ya wurgar. Tun yana saurayi yake kwaso matattun motoci daga hanyoyin jar ƙasa na yamma da garin Alice Springs. Gwiwa ta lalace, mata ta tafi, babbar motarsa ce kawai ta zauna.

Ran nan Gwaggo Mavis ce ta aika masa. Mijinta ya rasu, motarsa na ƙofar gida, ita kuwa ta kasa fitowa ta gan ta. So take a kai wa ƙanen mijin a wani ƙauye, yadda mai ita ya bar ta.

Ya isa da hantsi, ya tarar dattawa suna yi wa motar hayaƙin ɗanyen ganye, yadda al'adarsu take yi wa kayan mamaci. Bai taɓa ta ba. Ya zauna a inuwa ya sha shayi har suka gama.

"Merv, ka tsufa," in ji Gwaggo daga bayan ƙofa.

"Ai ke kika nuna mini hanya, Gwaggo."

"Kar ka karya wa tsohon nan motarsa."

Ba wanda ya ambaci sunan mamacin, don al'ada ta hana, shi ma bai ambata ba. Ya kwanta a yashi ya leƙa ƙarƙashi. Inda ake maƙala ƙugiya tsatsa ta cinye, marigayin ya ɗaure wurin da wayar shinge. In aka ja daga nan, gaban motar zai ɓalle a ƙofar gidan makoki.

"Mutumin nan da waya ya riƙe duniya," ya ce.

Gwaggo ta yi dariya, dariyar ta koma kuka.

Ya zagaya, ya haƙe yashin tayoyi da shebur, ya shimfiɗa katako, ya naɗa igiya a ƙarfen tayoyin baya. Ya ja a hankali, yana tsayawa yana leƙawa. Motar ta hau kan babbar motarsa da baya tana ƙara, ba abin da ya faɗi. Tayoyin ya ɗaure tamau, ya bar jikin ya yi lilo, don gargadar hanya takan fasa abin da aka matse.

"Ta tafi?" in ji Gwaggo daga bayan ƙofa.

"Saura kaɗan. In kin ji hon, ki fito."

Ya hau, ya ja a giyar farko har ya sha kwana bayan tankin ruwa. Can ya danna hon, bai tsaya ba.