Hanyar Da Baba Ya Daina Bi

Jiya da hantsi surukata ta ɓalle murfin sabon gwangwanin madarar gari da gindin cokali. Murfin ya faɗi ƙasa, ya yi ta juyi yana ƙara kafin ya kwanta. Ina zaune da kofin shayi a hannu, sai na ji bakina ya yi ɗaci. Jikata, wadda nake kira amaryata duk da Hausar da take ji ba ta wuce ta kiran abinci ba, ta tambaye ni da Larabci ko sukari ne bai ji ba. Na ce mata sukari ya ji, tsufa ne. Ƙarya na yi mata. Ƙarar murfin nan ce ta ɗauke ni daga unguwar Ka'akiyya ta dire ni a unguwar Misfala, duk a nan Makka, shekara hamsin da 'yan kai baya.

Kai mai karatu, ka yi haƙuri da rubutun. Mai shi aji uku da rabi ya yi a makaranta, bokon Hausar ma a hannun alhazai ya tsince shi. Rabin nan kuwa ina ji da shi, don ba kowa ke da shi ba. Yadda aka yi ya tsaya a rabi shi ne zancen.

Gidanmu ɗaki uku ne na haya a wani lungu, inda in ka miƙa hannu ta taga sai ka karɓi gishiri daga maƙwabta. Baba yana sayar wa alhazai carbi da turare da dardumar salla. Kayan bashi yake ɗauka a wurin wani dattijo ɗan Yaman mai babban kanti a kan titin da ya miƙe zuwa Harami, in an sauko daga Hajji ya biya. Haka suke shekara da shekaru. Wata shekara Baba ya ga kasuwa za ta yi kyau, ya ɗauki ninki biyu ya jibge a ɗakin ƙasa. Sai aka yi ruwa. Wanda ya san Makka ya san Misfala gangare ce, duk abin da duwatsu suka zubar ta ƙofarmu yake bi. Da ruwan ya janye, dardumai sun zama taɓo, kwalaben turare sun farfashe. Lungunmu ya yi wata guda yana ƙamshin gidan biki, mu kuwa muna zaman makoki. Bashin da ya hau kan Baba ya kai hayar gidanmu ta shekara biyar.

Tun daga ranar Baba ya daina bin titin nan. Ba wai dattijon ya matsa masa ba, ko aike bai taɓa yi ba. Kunya ce irin ta mutanenmu na da, wadda mutum ba ya iya haɗa ido da wanda ya yarda da shi ya ba shi dukiya ta salwanta a hannunsa. In za shi salla sai ya zagaya ta bayan kasuwar gawayi, tafiyar da ta ninka ta da sau uku, cikin ranar da ke narka takalmin roba. Na taɓa tambayarsa dalili, ya ce tafiya mai nisa ta fi lada. Na yarda. Har na girma ina yi wa mutanen gajeriyar hanya kallon masu ƙaramin rabo.

To wa zai riƙa kai kuɗin? Sai Baffa, ƙanin Baba, uwa ɗaya uba ɗaya. Mutum ne mai fara'a, Larabcinsa kamar a bakinsa aka ƙera shi, aljihunsa ba ya rabo da alewa. Tsakaninsa da Inna akwai wasan nan na ƙanin miji. Da ya yi sallama sai ka ji ya ce, "Ina matar tawa, yau ma gishirin ya fi naman yawa?" Ita kuma ta ce, "Ka kawo naman mana, mijin baki." Duk Juma'ar farkon wata yakan zo bayan la'asar ya karɓi abin da aka tara. Ba takarda, ba shaida. Wa zai nemi takarda a hannun ɗan uwansa? Ai zagi ne.

Lissafin gidan a hannun Inna yake, ita da ba ta san alif ba. Gwangwanin madara uku ta jera a kan katako sama da murhu. Na farko na ci, na biyu na haya, na uku na dattijo. Duk abin da ya shigo gidan, na ukun take fara buɗewa, sauran su raba abin da ya rage. Duk riyal goma da ya fita ta hannun Baffa, sai ta jefa ƙwallon dabino ɗaya a wata jakar tsumma. Ta san adadin ƙwallon da zai cika bashin, kuma ba ta taɓa kuskure ba. Ni da nake taƙama da aji uku na ƙirga mata sau biyu, sau biyun ni ne na ɓata.

Gwangwanayen na madara ne, amma madarar ba a gidanmu aka sha ta ba. Shayinmu baƙi ne, ganyen kuma sai ya yi hidima sau uku kafin a sallame shi. In lokacin Hajji ya zo, mukan kwashe tabarmi da tukwane mu koma saman rufi, a ba alhazai hayar ɗakunan uku. Wata biyu muna ƙarƙashin rumfar buhu, siminti yana gasa mu kamar gurasa, muna jiyo baƙi a ƙasa suna minshari a ɗakinmu. Ranar yanka kuma Inna takan tafi Mina da wuƙa da kwando tare da matan lungu, su samo naman hadaya da ya yi wa masu shi yawa. Ta yanyanka shi siri-siri ta shanya a igiya, mu kuma aikinmu korar ƙuda. Naman nan shi ne na shekara. Yanka ɗaya a miyar kuka, a tsamo shi, gobe ya sake komawa. Akwai wani yanki da na tabbata ya yi mako guda yana wannan aiki, har na fara gaishe shi.

A shekara ta biyu, bayan ƙaramar Salla da 'yan kwanaki, Baba ya kira ni. Baffa yana zaune a gefensa, ya zo karɓar na wata. Baba ya ce kasuwa ba ta tafiya, gwangwani na uku yana jin yunwa, za a ɗan ɗaga mini makaranta in kama aiki har a gama biya. Ina son makarantar nan. Malaminmu yakan sa ni in karanta wa aji, don muryata tana fita. Na kalli Inna. Ni ne ɗan fari, ba ta kiran sunana, ba ta kuma nuna damuwa da ni a gaban mutane, sai ta juya ta ci gaba da tsince shinkafa. Baffa ne ya dafa kaina ya ce, "Haƙuri za ka yi, ɗana, ɗan lokaci ne. Ni zan samo maka wuri mai kyau." Ya kuwa cika alkawari. Ya kai ni wurin wani mai gasa burodi a unguwar Mansur, inda na riƙa ɗaukar katakon burodi a ka. Jakar makarantata Inna ta rataye a ƙusa kusa da gwangwanayen, ta ce wa bango, don ba za ta ce mini ba, "Tana nan tana jira."

Ta jira shekara uku.

Ranar da ƙwallon ƙarshe ya rage, Inna ta ce wa Baba, "Malam, wannan kam kai za ka kai da hannunka. Mutumin nan ya yi mana haƙurin shekara biyar, ba a aika godiya irin wannan." Ta yi kilishi da mafi kyawun naman da ta ɓoye, ta naɗe a takarda. Baba ya sa farar rigarsa ta Juma'a, ya ce in ɗauko kilishin in biyo shi. Muka bi gajeriyar hanya. Ashe kusa ce ƙwarai.

Dattijon ya tsufa, yana zaune a kan kujera a bakin kanti, 'ya'yansa ke ciniki. Da ya gane Baba sai ya miƙe ya rungume shi, ya sa aka kawo shayi, da madara. Baba ya ciro kuɗin ya ajiye a gabansa, ya ce ga cikon, Allah ya saka da alheri. Dattijon ya kalli kuɗin, ya kalli Baba.

"Cikon me?"

"Cikon bashin kayan da ruwa ya ci."

"Ya ɗan uwana, ai na yafe maka wannan tun azumin da matata ta rasu. Sadaka na yi mata da shi. Na gaya wa ƙaninka a nan inda kake zaune, na ce kada ya sake kawo ko kwabo, bai kuwa sake kawowa ba. Nakan hango ka a Harami kana kauce mini, na ce kunya ce, bari in ƙyale bawan Allah."

Baba ya tambaye shi wane azumi ke nan. Dattijon ya ƙirga da yatsu, ya ce azumi uku da suka wuce, ban da na bana. Ni aji uku da rabi na yi, amma wannan lissafin bai gagare ni ba. Azumin da aka yi kafin ƙaramar Sallar nan ne. Ranar da Baffa ya dafa kaina, bashin ya yi kusan wata guda da mutuwa.

Baba ya shanye shayinsa, ya yi godiya yadda ya kamata, ya bar kilishin. Da muka fito sai na ga ya juya ya nufi bayan kasuwar gawayi. Ƙafarsa ta saba.

Juma'a ta zagayo, Baffa ya zo da sallamarsa da fara'arsa. "Ina matar tawa?" Inna ta fito da mayafi, ta durƙusa har ƙasa kamar gaban surukinta, ta ce, "Sannu da zuwa, Alhaji. An zo lafiya? Ya iyali?" Ta shimfiɗa masa sabuwar tabarma, ta ajiye jakar ƙwallon dabinon a gabansa, ta koma ciki. Na ga fuskarsa ta sauya tun kafin Baba ya buɗe baki. Abin da Baffa ya faɗa shi ne wai juya kuɗin ya yi, ya sayi fili a Ka'akiyya lokacin tana dutse da awaki, da niyyar in ya yi daraja a raba. "Don mu duka na yi, Yaya." Baba ya ce, "To." Iyakar shari'ar ke nan. Bai kai ƙara wurin dattawan unguwa ba, ya ce ba zai tona asirin cikin da suka fito ba. Fili ya yi daraja, Baffa ya gina bene, rabon dai har yau ana kan niyya. Inna kuwa ta rayu shekara ashirin bayan haka, ba ta sake yi masa wasa ba ko sau ɗaya. Girmamawa ta yi ta yi masa har ta koma ga Allah, shi kuma ya fi son a zage shi.

Na sauko da jakar daga ƙusa na koma makarantar. Shugaban ya dube ni, ya dubi gashin da ya fara fito mini a leɓe, ya ce a aji huɗu babu kujerar da za ta ɗauke ni. Ya ce in gwada ta yamma, ta manya. Ta yamma kuwa lokacin burodi ne, kuma gwangwani na farko da na biyu ba su san an yafe kowa ba.

Yanzu duk sun tafi, Baba da Inna da Baffa da dattijon. Lungunmu ma an rushe shi, otal ne a wurin mai hawa ban san nawa ba. Ina zaune a gidan haya tare da ɗana, layi biyu daga benen Baffa. Ɗan nawa shi ma bashi ne a wuyansa, na mota da na aure, sai dai nasu na zamani ba ya bukatar ƙanin uba. Albashi na shiga ake cirewa, waya ta yi ƙara ta ce an karɓa. Surukata tana da nata gwangwanayen a cikin waya, ta hana mu nama sai Juma'a, ni kuma ina goyon bayanta da dukkan haƙoran da suka rage mini. Sharaɗi ɗaya na kafa musu. Duk wata shida nakan tasa ɗana a gaba mu je wurin masu bashin da ƙafarmu, a gaya mana saura nawa, a ba mu a rubuce. Yakan ce, "Baba, ai yana cikin waya." In ce masa wayar ma fara'a gare ta.

Takardar kuwa, Larabcin ofis ne mai ƙananan baƙaƙe, ya fi ƙarfin aji uku da rabi. Babban ɗan Baffa nake kai wa. Sa'ana ne, shi ya gama makaranta har ya zama malami ya yi ritaya. Mutumin kirki, bai san komai ba, ni ma ban gaya masa ba. Yakan sa tabarau ya karanta mini a hankali, ya ce, "Yaya, duk lokacin da kake so ka kawo, ai ba wani abu ba ne, kyauta ne."

Nakan karɓi takardata in ninke, in ce masa, "Karanta dai, malam. An riga an biya."