Sandunan Buba da Suke Dawowa Daga Babura

Cikin duk shekarun da na yi ina riƙe da sito a shagon Alhaji Sabo a nan Kazaure, ranar da ta ƙi fita daga raina ita ce wadda aka tura ni Babura bin sawun sanda. Ku sababbin shiga kun sha jin ana tsokanata da zancen, to yau ku ji shi daga bakin mai shi.

Ga wanda bai san sana'armu ba, muna sayar da teburin sinuka ne da ƙwallayensa da alli da sandunan bugu. Alhaji ke sarowa daga Kano, ni kuma in karɓa in duba in adana. Duba sanda ba wuya: ka mirgina ta a kan tebur, in ta yi ɗingishi ta karkace. Sai ka buga gindinta a siminti ka saurara, lafiyayya ƙararta tas take fita. Manyan sandunanmu kuwa Alhaji garanti ya sa musu na muddin rai. Ma'ana, in dai tana hannun wanda ya saya, ta karkace ko ta tsage don kanta, ya kawo a canja masa kyauta. Ban da wadda aka karya a kan wani wajen faɗa.

A daminar bara waccan muka samu wani kwastoma, Buba, Bafulatanin saurayi mai teburi biyu a wata rumfa gefen Babura. Yaro mai ladabi, ba ya haɗa ido da kai. Amma bini-bini sai ga shi da sanda a naɗe cikin buhu, ta lanƙwashe kamar lauje, fatar bakinta ta ɓalle, tana warin kananzir don ya goge ta kafin ya kawo. In na buga ta a ƙasa sai in ji dum, kamar rake. Mu canja masa, ya yi godiya, ya tafi, ya sake dawowa.

Ran nan Alhaji ya kira ni ofis, ya ce in rufo ƙofa.

"Malam Bukar, sitonka yana yoyo ne?"

"Ranka ya daɗe, ko ɗigo."

"To danshin daga ina? Ni na yi wa jama'a alkawari, ba zan janye ba. Amma in ajiyarka ce ke kashe mini kaya, ƙarshen wata ka miƙa makulli, ka koma shagonmu na Kano wajen lodi."

Kano! Ni da ko bikin dangi a Roni sai maiɗakina ta yi mini kwana uku tana magiya. Daga shago zuwa gidana ko goro ba ka gama taunawa ba ka isa. Azahar a gida nake cin tuwona, in leƙa tumakina, in dawo. Da furfurata a ce in je in yi haya a Kano ina kwana da ƙarar janareta? Na ce ya ba ni dama in je in ga inda sandunan nan suke zama. Ya ce, "Je ka, kuɗin mota a kanka."

Da hantsi na sauka a rumfar Buba. Rumfa tsaf, tebura a lulluɓe da leda, babu inda ruwa ke zuba. Na ce shi ke nan, laifin ya dawo kaina. Har zan juya, sai na lura sanduna kaɗan ne a wurin. Na tambaye shi ragowar, ya ce suna gida, can suke kwana.

"Mu je in gani."

"Baba, ai da nisa."

"Na fi ka ƙin nisa, ɗana. Tayar da mashin."

A hanya ya faɗa mini, murya ƙasa-ƙasa, har sai da na kwanto da kunnena a kafaɗarsa. Ashe mahaifinsa bai so sana'ar nan ba. Yaro ya bar shanu ya koma tsaron tebur, tsoho ya daina amsa masa gaisuwa sai da kai. Ana nan, wata safiya ya tashi ya tarar tsohon ya kwashi sandunan yana gyara masa su yadda makiyayi ke gyaran sandarsa. Nan Buba ya gane an huce. Ga shi ɗan fari, ko sunansa uban ba ya kira don kunya. "Baba, da wane baki zan ce masa ya bari?"

Muna shiga ruga na ga mahaifin nasa, Baffa Haro, dogon tsoho zaune gefen wutar da suke hura wa shanu saboda ƙuda. Sandarmu ce a hannunsa, sabuwa fil wadda ni da kaina na miƙa wa Buba. Ya lakato man shanu a ƙoƙo ya shafe ta tun daga gindi har baki, ya kara ta a wuta yana jujjuyawa, sannan ya danna ta a gwiwa wai yana miƙar da ita. Wallahi sai na yi hamdala. Sitona ya fita daga zargi. Sai dai kuma ga aiki a gaba: yadda za a hana tsoho ba tare da an fasa abin da ya fara ɗinkuwa tsakaninsa da ɗansa ba.

Allah ya kawo sauƙi ta fuskata. Ni jikan Barebari ne, ga tsagar nan kuna gani, kuma kun san mu da Fulani abokan wasa ne, abin da ɗa ba zai iya faɗa ba mu sai mu faɗa a yi dariya. Tsoho na ɗago ido ya ga kumatuna, sai ya ce, "Kai, wa ya kawo mini bawa da safen nan? A ba shi tsala ya sha, kindirmo ya fi ƙarfinsa."

Na ce, "Ubangidanka ne ya zo duba dukiyarsa. Na ji an ce ka rasa abin soyawa, ka koma suyar sanda. Da yaji ake ci ko da gishiri?"

Ya yi dariya har sai da ya yi tari. "Wannan karan dawar? Ko ɗan akuya ba za ta kora ba. Ni ne ma nake sa ta zama sanda."

Na durƙusa kusa da shi muka gaisa sosai. Na karɓi sandar, na nemo faifai na mirgina ta a kai, ta yi tsalle. Na ce, "Baffa, taka icen daji ce, mai da wuta ke ƙara mata ƙarfi. Wannan 'yar birni ce, lalatacciya, gam ne ya riƙe ta. Ta sha mai ta kumbura, ta ji wuta ta saki. Ba ta son komai sai busasshen tsumma, kuma a rataye ta a tsaye kada ta jingina da kowa."

Ya ture ƙoƙon man gefe. Buba kuwa tuni ya ɓuya bayan bukka. Can tsoho ya ce, "Wato halin Barebari gare ta. Ba ta aiki, sai a goge ta a rataye."

Kafin in gama shan furar da aka dama mini, wadda kindirmo ce zalla duk da cika bakinsa, ya tufka igiya ya yi wa kowace sanda maratayi a jikin rufin bukka, sun jeru reras. Ya yayyaga tsohon rawaninsa ya yi tsumma. Da zan tafi ya ce, bai kalli inda ɗansa yake ba, "Ka gaya wa mai teburin nan, kullum zai same su a goge."

Daga tasha na buga wa Alhaji waya na ba shi labari. Ya yi dariya har na ji yana buga tebur. Na ce, "Ranka ya daɗe, waɗanda suka lalace fa? A ƙa'ida garanti bai hau kansu ba." Ya ce, "Mun taɓa gaya wa wani kada ya shafa mai? Ba mu faɗa ba. Canja wa Buba. Daga yau kuma duk wanda ya saya a faɗa masa da baki." Zancen makulli bai sake tashi ba.

Shi ya sa nake gaya muku, in kwastoma ya yi ta dawo da kaya, kada ku yi saurin ce masa macuci, kada kuma ku tsaya a bayan kanta kuna rantsuwa. Ku je ku ga hannun da kayan suke kwana a ciki. Sandunan da na gani sun lalace a aikin nan, waɗanda ƙauna ta ɓata ba su gaza waɗanda mugunta ta ɓata yawa ba.